FASHIN BAƘI: Yadda ake ƙwace linzamin na'ura ta kafar tsohon gem, da abin da ya haɗa hakan da wayarka da ƙuri'arka

A watan Afrilun 2013, wani mai binciken tsofaffin wasannin gem da aka sani da laƙabin TheZZAZZGlitch ya bayyana wata dabara da ta girgiza masu sha'awar na'urar Game Boy. Ya nuna cewa a cikin wasan Pokémon Red da Blue, wanda yara suka shafe shekara 15 suna bugawa, akwai wani ɓoyayyen kaya mai suna 8F, wanda idan aka danna shi na'urar za ta ajiye umarnin kamfanin da ya rubuta wasan, ta koma bin umarnin wanda ke riƙe da ita. Ba a kwance na'urar da sukundireba ba, ba a jona mata waya ba, ba a taɓa kaset ɗin wasan ba. Da maɓallan nan takwas da ke jikinta kaɗai ake yin komai.

Wanda ke zaune a Gaya ko Ajingi, inda cajin waya ma sai an kai wa mai janareto, yana da hujja idan ya ce wannan ai wasan 'ya'yan masu da shi ne. Game Boy ba ta taɓa zama ruwan dare a garuruwanmu ba. Abin da yaranmu suka fi sani shi ne ɗan gem ɗin roba na jera bulo mai batir biyu, sai kuma wasan maciji na wayar Nokia. Amma irin ɓarakar da ta ba 8F hanya, ita ce aka bi aka shiga wayoyin 'yan jarida da 'yan adawa a ƙasashe da dama, ita ce kuma masana suka bi suka sa na'urar zaɓe ta Amurka ta karkatar da ƙuri'u a ɗakin gwaji. Tsohon gem shi ne wuri mafi sauƙi da mutum zai zauna ya ga yadda abin ke faruwa ƙwaya-ƙwaya, domin ƙaramar na'ura ce da mutum ɗaya zai iya fahimtarta gaba ɗaya.

Ɗan aiken da ba ya tambaya

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Game Boy a watan Afrilun 1989, kuma ita da ƙanwarta mai kala an sayar da sama da miliyan 118. A ma'aunin yau ba wata abu ba ce. Ma'adanarta ta aiki, inda take riƙe abin da ke gudana a lokacin wasa, bayit 8,192 ce kacal, wato ko hoton gaisuwar Juma'a guda ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba zai shiga ba.

Mai karatu ya ɗauki cikin na'urar kamar dogon layin rumfuna a kasuwa, guda 65,536, kowace da lambar adireshinta. Kowace rumfa lamba ɗaya take ɗauka, daga 0 zuwa 255, kuma wannan lamba ita ake kira bayit. Wasu rumfunan na ɗauke da umarnin da masu wasan suka rubuta, wasu na ɗauke da sunan ɗan wasa, wasu yawan kuɗinsa, wasu kayan da ke cikin jakarsa. Ƙwaƙwalwar na'urar kuwa ɗan aike ne mai tsananin biyayya. Yana tsayawa gaban rumfa, ya karanta lambar da ke ciki, ya aikata abin da lambar ke nufi, ya matsa gaba, sai fa idan lambar ta ce masa ya tsallaka zuwa wani adireshi. Haka yake yi sau dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ɗan aiken nan bai san wace rumfa ce ta umarni, wace ce ta bayani ba. Ɗauki lamba 62. Idan wasan ya karanta ta a matsayin kayan jaka, lemo ce, wadda wasan ke kira Lemonade. Idan kuwa ɗan aike ya taka rumfar da take ciki, a wurinsa 62 na nufin ya ɗauki lambar da ke rumfa ta gaba ya sa a aljihunsa. Lamba 201 a jaka wani kaya ne mai suna TM01, a wurin ɗan aike kuma tana nufin ya koma inda ya fito. Saboda haka abu biyu kawai mai son ƙwace linzami ke nema: wurin da shi ke da ikon tsara lambobin da ke ciki, da kuma hanyar karkatar da ɗan aike zuwa wannan wuri. Duk wani kutse na irin wannan jinsi, daga Game Boy har wayar zamani, a kan waɗannan biyun yake tsaye.

Kamfanin Game Freak da ya rubuta Pokémon ya yi kusan shekara shida yana aikin kafin wasan ya fito a Japan a watan Fabrairun 1996. An rubuta shi da yaren da ya fi kusa da na'ura, inda kowane bayit ke da tsada, don haka aka tsallake yawancin binciken da zai hana lamba wuce iyakarta. Matsin ya kai har ɗaya daga cikin marubutan, Shigeki Morimoto, ya bayar da labarin cewa sai da aka cire kayan gwaji a ƙarshen aiki, aka samu sararin kimanin bayit 300, sannan ya cusa halitta ta 151 mai suna Mew a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango tsagoginsa da yawa.

Tsohon da ya ari sunanka

Tsagar da ta fi shahara ita ce ta MissingNo. A birnin Viridian na cikin wasan akwai wani tsoho da ke koya wa ɗan wasa yadda ake kama dabba. Yayin koyarwar, wasan na buƙatar ya nuna sunan tsohon a inda sunan ɗan wasa ya saba fitowa, don haka sai ya ɗauke sunan ɗan wasan ya ajiye shi na ɗan lokaci. Da yake babu sarari, a rumfunan da aka tanada wa jerin dabbobin da ke cikin ciyawa yake ajiye shi. Masu wasan sun yi lissafin cewa babu komai, domin da zarar ɗan wasa ya shiga daji, za a rubuta jerin dabbobin wurin a kai, sunan ya shafe.

Abin da ba su lissafa ba shi ne gaɓar gabas ta tsibirin Cinnabar. Tsibirin gari ne, ba shi da jerin dabbobin ciyawa, saboda haka ba a shafe komai idan an sauka a can. Amma bakin ruwan da ke gabashinsa wasan na ɗaukarsa kamar ciyawa. Wanda ya tashi daga wurin tsoho kai tsaye zuwa can, sai wasan ya buɗe jerin dabbobi ya tarar da haruffan sunansa, ya karanta su a matsayin dabbobi. Harafi na uku, na biyar da na bakwai su ke zaɓar wace dabba za ta fito. Wasan na da gurbi 190, dabbobi na gaskiya kuwa 151 ne, sauran 39 fanko ne, kuma idan harafi ya faɗa kan fanko sai wata halitta mai kama da rushewar katanga ta bayyana da sunan MissingNo, wato lambar da ta ɓace.

Akwai ƙari. Duk dabbar da aka gani, wasan na sa mata alama a kundi. MissingNo ba ta da shafi a kundin, sai alamar ta zarce iyaka ta faɗa kan rumfar da ke riƙe da adadin kaya na shida a jaka, ta ƙara masa 128. Yara a 1999 sun ɗauki wannan a matsayin garaɓasa, Nintendo kuma ya gargaɗe su a mujallarsa cewa abin na iya lalata musu wasa. Masu bincike daga baya sun ga wani abu daban: hanyar rubuta lambar da ta wuce 99, wadda ita ce iyakar adadin kaya a ƙa'ida.

Jakar da ta zama manhaja

Yanzu sai 8F. Kowane kaya a wasan na da lamba, kuma akwai wani jadawali da ke faɗa wa ɗan aike adireshin da zai je idan an yi amfani da kaya mai lamba kaza. Jadawalin ya ƙare ne a kan kayan da aka tsara. Lamba 93 ta wuce ƙarshensa, ba a yi nufin kowa ya riƙe ta ba, har sunan 8F ma daga jerin hawa-hawan bene na cikin wasan ta aro shi. Idan aka yi amfani da ita, wasan ba ya tsayawa ya duba ko tana cikin jadawali. Yana ƙirga zuwa inda layi na 93 zai kasance, ya kwashi lambobi biyun da ya tarar, waɗanda aka rubuta don wata buƙata daban, ya ɗauke su a matsayin adireshi. Sa'ar da aka yi ita ce adireshin da ke fitowa, 53,603, shi ne daidai inda wasan ke ajiye bayanin dabbobin da ɗan wasa ke tafe da su. Waɗannan kuwa shi ke zaɓarsu.

Samun 8F ɗin ma ta wata ɓarakar ake bi. Bayit ba ya iya sauka ƙasa da sifiri, idan aka cire ɗaya daga 0 sai ya juye ya koma 255, kamar yadda mitar tsohuwar mota ke komawa farko idan ta cika. Da an yaudari wasan ya rage adadin kayan jaka har ƙasa da sifiri, sai ya yarda cewa jakar da iyakarta kaya 20 tana ɗauke da 255. Daga nan jerin kayan zai zarce ya shiga rumfunan maƙwabta, ɗan wasa ya riƙa ganin abubuwan cikin na'urar a matsayin kaya, yana musanya su yadda ya ga dama, har ya fito da lamba 93.

Saura a rubuta umarni. Dabbobi ba su da sauƙin jujjuyawa, don haka ake jera guda biyar a wani tsari na musamman, ta farkonsu a daidaita ƙarfin jininta ya tsaya a kan 233 cif. A wurin ɗan aike 233 na nufin ya tsallaka zuwa adireshin da ke aljihunsa, sauran dabbobin kuma sun riga sun sa masa adireshin kaya na uku na cikin jaka. Daga nan jaka ta zama takardar rubutu. Kowane kaya bayit biyu ne, lambarsa da adadinsa. Lemo guda 21 na nufin ɗan aike ya sa 21 a aljihu. Wasu kayan biyu, Carbos da X Accuracy, adadinsu ke gina adireshin da ake son taɓawa. TM01 a ƙarshe ya maida ɗan aike bakin aikinsa, wasan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Mutum na sayen kaya a kantin cikin wasa, yana zubar da wasu har adadin ya yi daidai, alhali manhaja yake rubutawa.

Bayit arba'in ba su da yawa, amma sun isa a rubuta ƙaramar manhaja da aikinta kawai shi ne sauraron maɓallai tana rubuta duk abin da aka danna a ma'adana. Da wannan ƙaramar ake shigo da babba. Mai gano 8F ya nuna an rubuta wasan ƙwallon tebur na Pong a cikin Pokémon. A watan Janairun 2014, a wani taron tara kuɗin agaji na masu gudun gem a Amurka, wani mutum-mutumi da ke danna maɓallai cikin tsananin sauri ya rubuta Pong da wasan maciji a cikin Super Mario World a gaban jama'a. A 2016 wani ɗan wasa da ake kira SethBling ya yi irin wannan da hannunsa, ya shigar da bayit 331 na wasan Flappy Bird ɗaya bayan ɗaya.

A kan na'urorin da suka biyo baya, abin ya tashi daga nishaɗi ya zama rikicin mallaka. Sony da Nintendo sun kulle na'urorinsu yadda ba za su karɓi manhajar da kamfani bai sa wa hannu ba. A 2006 aka buɗe PSP ta hanyar gurɓataccen fayil ɗin ajiyar wasan Grand Theft Auto: Liberty City Stories. A watan Nuwamban 2014 wani matashi ɗan Faransa, Jordan Rabet, ya buɗe Nintendo 3DS ta wani wasa da kasuwarsa ta mutu mai suna Cubic Ninja, wanda ke karanta lambar QR ba tare da auna tsawon abin da ke cikinta ba. Nan take farashin kaset ɗin ya yi tashin gwauron zabi, Nintendo kuma ya janye shi daga kantinsa na intanet a Japan. Kamfanonin na cewa ƙofar satar fasaha ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Masu buɗewa na cewa abin da mutum ya saya da kuɗinsa nasa ne. Abin lura shi ne a ƙarshen 2016 Nintendo ɗin da kansa ya fara tayin ladan da ya kai dala 20,000 ga wanda ya kawo masa rahoton ɓaraka a 3DS.

Daga jakar wasa zuwa aljihun ɗan jarida

Na'urorin yau na da matsara. Ana ware wuraren da ba a yarda ɗan aike ya karɓi umarni daga cikinsu ba, ana kuma hargitsa adireshi duk lokacin da aka kunna na'ura don kada mai kutse ya san inda zai nufa. Wannan ya sa aikin ya yi tsada, bai hana shi ba. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakokin tsaro da yake toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa ma'adana suke tasowa, wato dangin na MissingNo.

A shekarar ce WhatsApp ya kai ƙarar kamfanin NSO na Isra'ila, mai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, bisa zargin kai hari kan wayoyi kusan 1,400. Kira kawai ake yi, ko mutum bai ɗaga ba an shiga. Cikin waɗanda aka nufa har da 'yan adawar Ruwanda, da wani bishop da 'yan siyasa a Togo. A watan Satumban 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano wani harin a wayar iPhone ta wani ɗan fafutuka na Saudiyya. Da injiniyoyin Google suka warware shi a watan Disamba, sai suka tarar da saƙo ne da aka yi wa shigar hoto mai motsi, wanda ke sa wata lamba ta cika ta juye, kamar dai yadda 0 ke komawa 255 a jakar Pokémon. Daga nan maharan suka yi amfani da umarni sama da 70,000 na wani tsohon tsarin matse hoton takardu, suka gina ƙaramar kwamfuta a cikin wayar. Wanda ya fahimci yadda lemo da Carbos suka zama manhaja ba zai sha wahalar gane wannan ba. Najeriya ma ba a gefe take ba. A watan Disambar 2020 Citizen Lab ta sanya ta cikin ƙasashe 25 da take kyautata zaton suna amfani da kayan kamfanin Circles mai alaƙa da NSO, ko da yake nasa kayan ta layin sadarwa suke bi, ba ta cikin wayar ba.

Na'urar zaɓe mai ƙwaƙwalwa irin ta gem

Misalin da ya fi kusa da Game Boy shi ne na AVC Advantage, na'urar kaɗa ƙuri'a da aka yi amfani da ita a jihohin Amurka irin su New Jersey. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce, 'yar uwar ta Game Boy ta kusa. Maƙeranta sun yi hangen nesa, suka tsara ta yadda ba za ta taɓa karɓar umarni daga ma'adanar aiki ba, sai daga wadda aka rufe tun daga masana'anta. A takarda, dabarar 8F ba za ta ci a nan ba.

A 2009 masu bincike daga jami'o'in Kalifoniya ta San Diego, Michigan da Princeton, da suka yi aiki da na'urar da aka saya a gwanjon gwamnati, suka nuna akasin haka. Ta kaset ɗin ajiya suka cusa bayanin da ya fi ƙarfin wurin da aka tanadar masa. Tunda an hana su kawo nasu umarnin, sai suka riƙa tsallaka da ɗan aike daga wannan guntun umarni na kamfani zuwa wancan, kamar mai yanko kalmomi daga jarida yana liƙa su ya haɗa wasiƙar da edita bai taɓa rubutawa ba. Na'urar ta karkatar da ƙuri'u, ba tare da an ƙara mata ko layi ɗaya na baƙon umarni ba.

A nan ya kamata a yi adalci, domin jita-jita ta yi yawa a wannan fage. A Najeriya da takarda ake zaɓe, da hannu ake ƙirgawa a gaban wakilan jam'iyyu. BVAS ba ta ƙirga ƙuri'a. Aikinta tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, da ɗaukar hoton takardar sakamako ta EC8A a tura shafin IReV. Babu kotun da ta tabbatar cewa an ƙwace linzaminta ta irin hanyar da aka bayyana a sama. Mu a Kano ma shaida ne cewa babbar shari'ar zaɓen gwamna na 2023 a kan ƙuri'u 165,663 da aka ce ba su da hatimi da sa hannu ta gudana, har Kotun Ƙoli ta raba gardama ranar 12 ga Janairun 2024. Tawada da hatimi ne suka kusa sauya gwamnati, ba kutse ba.

Sai dai abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya cancanci a dube shi da idon wanda ya san MissingNo. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne an tsara shafin ne yana jera kowane sakamako ƙarƙashin jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa gurbin da za ta sa shi. 'Yan adawa ba su gamsu ba, magoya bayan wanda ya ci sun gamsu. A ganina ko wane ɓangare mutum yake, bayanin da kansa abin damuwa ne. Idan gaskiya ne, to yanayin da ya fi kowane muhimmanci a ranar shi ne wanda ba a gwada yadda ya kamata ba, kuma jama'a ba su da wata hanya mai zaman kanta ta tabbatarwa ko ƙaryatawa.

Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan. Tun 2009 hukumar zaɓen Brazil ke gayyatar masana su zo su gwada fasa na'urarta kafin zaɓe. A 2012 tawagar Farfesa Diego Aranha ta gano kuskuren da ke iya tona wa ƙuri'a asiri, a 2017 kuma ta kai ga sa na'urar bin baƙon umarni, hukumar ta toshe. A Indiya kuwa, injiniya Hari Prasad da ya nuna raunin na'urar ƙasarsa a 2010, 'yan sanda ne suka je gidansa suka kama shi bisa zargin satar na'urar da ya yi gwajin da ita.

Ina doka ta ajiye mai bincike a Najeriya?

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar ko tarar naira miliyan biyar a kan shiga na'ura ba da izini ba da mugun nufi. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya fi jan hankali ne ta ɓangaren sashe na 24, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ita ma ta haramta karya makullin da mai fasaha ya sa wa kayansa. Abin da ba a gina ba shi ne bayyananniyar hanya da ɗalibin da ya ga ɓaraka a shafin wata hukuma zai kai rahoto cikin kwanciyar hankali, ya san godiya zai samu ba sammaci ba. Amurka kanta sai a watan Mayun 2022 ma'aikatar shari'arta ta sanar cewa ba za ta riƙa gurfanar da masu binciken tsaro na tsakani da Allah ba. Wannan tambaya ce da matasan Gaya, Ajingi da Albasu, da ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, za su iya ajiyewa a gaban duk mai neman ƙuri'arsu: shin zai goyi bayan a buɗe manhajojin zaɓe ga gwajin masana masu zaman kansu, da kariyar doka ga wanda ya gano kuskure?

Hannun da zai yi aikin ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tarihin baka na Kano na cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama. Jikokinsu na sana'a a yau su ne masu gyaran waya a Farm Centre da ƙananan rumfunan bakin tasha, waɗanda suka buɗe modem ɗin da aka kulle wa layi ɗaya, suka farfaɗo da wayar da kamfani ya ce ta mutu. Waɗanda suka yi zamanin Opera Mini a wayoyin Nokia za su tuna yadda ake yawo da saitin shiga intanet kyauta har kamfanin layi ya toshe, a nemo wani. Wancan cin haƙƙin kamfani ne, babu wani kwaskwarima da za a yi masa, amma idon da ya hango kafar shi ne irin idon da bankuna da kamfanonin sadarwa ke biya da tsada a yau.

Ga ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko wanda bai samu gurbi ba amma yana da tsohuwar laftof, kayan koyon kyauta suke. Masu sha'awa sun tattara cikakken bayanin cikin Game Boy a wani kundi mai suna Pan Docs. Akwai RGBDS na rubuta sabon wasa tun daga tushe, akwai BGB da ke kwaikwayon na'urar a kwamfuta yana nuna kowace rumfa da inda ɗan aike yake tsaye. Wata ƙungiyar sa-kai ta warware Pokémon Red layi-layi ta sa a GitHub da sunan pokered, kowane adireshi da sunan da aka raɗa masa. Adireshi na 53,603, inda 8F ke sauke ɗan aike, sunansa a can wPartyCount, kuma a ƙa'ida lambar da ke cikinsa ba ta wuce 6.